In maigida yana tari, a kai yaran ma asibiti

 Ni malamin gona ne, ba likita ba, amma yau ba zancen iri ko taki na kawo muku ba.

In an gama zuba hatsi a rumbu, magidanta da yawa sukan tafi cin rani, wasu Najeriya, wasu Abijan. Wani ya komo da kuɗi, wani kuwa ya komo da tari wanda ba ya ƙarewa. Wani lokaci cutar sida ce a ƙarƙashin tarin. Sida tana cinye ƙarfin jiki kamar yadda gara ke cin gindin rumbu. Shi ya sa tarin huka ya fi kama mai ita fiye da sau 10 bisa wanda ba shi da ita.

To, ina ruwan yara? Ku saurara da kyau. Ko yaro bai ɗauki sida ba, tarin huka yana iya kama shi, don cikin iska yake tafiya. Lokacin ɗari mukan toshe taga, mu rufe ƙofa, uwa da uba da yara duk a kwana ɗaki guda. Abin da babba ya tara, shi ƙarami ke shaƙa har asuba. Ƴan ƙasa da shekara 5 su suka fi shiga haɗari. Allurar BCG da ake yi wa jariri tana tsare shi daga mafi munin ciwon, amma ba ta hana kamuwa ɗungum.

Abin da ke ruɗin iyaye, yaro ba ya fid da majina kamar babba. Sai dai ya rame, ya bar wasa, zazzaɓi ya ƙi sakinsa, ko wuya ya yi kaluluwa. Sai a ce haƙori ne, ko iska. Ana nan ana jiƙe-jiƙe, kwanaki suna wucewa.

In tari ya wuce mako 2, ku tafi gidan likita na kusa, ko asibitin Konni, Illela ko Galmi. Ku tafi da yaran duka, har wanda kuke gani garau. Akwai maganin rigakafi da ake ba ƙananan da suka zauna da mai tarin. Maganin tarin huka kyauta ne, wata 6 ake sha, kuma kar a bari don an ji sauƙi. Mai shan maganin sida ya ci gaba da abinsa. Kafin nan, ku buɗe taga da rana, mai tarin kuma ya kwana daban.