Karatun Gayya Da Iya Magana

Akwai wani kuka da malamai su kan yi a makarantun da 'ya'yan Hausawa ke shiga a Fatakwal da Anaca da Inugu, wai yaron Bahaushe ba ya magana a aji. A tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai yana murza gefen benci. A matsa masa, ya faɗi kalma guda can ƙasan maƙoshi ya koma ya zauna. In aka daɗe a haka sai malam ya yanke cewa yaron daƙiƙi ne, ya mai da shi bencin baya. Shi kuwa uban, in ya ga sakamako ba kyau shekara biyu a jere, sai ya ce tun da boko bai karɓi yaro ba, gara ya zo ya tsare masa rumfa. Ta haka a ke asarar yara masu kai. Amma a bi yaron nan kasuwa bayan an tashi. Za a same shi yana tayi da harshen Ibo, yana tsokanar ɗan dako da buroka, ya juya ya ba ubansa labari da Hausa, duk a zama ɗaya. To, yaron da ya iya wannan ba bebe ba ne. Abin da ya kamata mu da mu ke shirin zama malamai mu bincika shi ne, me kasuwa ta ba shi wanda aji ya hana shi?

Zaman Hausawa a garuruwan nan ba na jiya ba ne. Anaca tana bakin Kwara, fataken Arewa, Hausawa da Nufawa, sun daɗe suna gangarowa ta ruwa, shi ya sa kusa da babbar kasuwarta a ke da hanyoyi masu sunan Bida da Sakkwato. An kafa Fatakwal domin a sami tashar jirgin ruwa da za ta fid da kwal ɗin Inugu, hanyar jirgin ƙasa ta haɗa garuruwan biyu a 1916. Da aka miƙa ta Arewa, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, sai shanu da albasa da wake suka samu hanya, masu su kuma suka biyo su. Ibo su kan kira unguwar baƙin nan Ama Awusa ko Ogbe Awusa. Daga cikin mutanen irin wannan unguwa ne Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya shiga jam'iyyar NCNC har ya zama magajin garin Inugu na farko a 1956. Lalle mutanen gari ba su ɗora wanda ba su jin bakinsa a kan irin wannan kujera. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watsa unguwannin, amma bayan yaƙi mutane suka komo, aka ci gaba da haihuwar yara masu tashi da harshe biyu ko uku.

Babu wanda ya zaunar da yaran nan ya karanta musu nahawun Ibo. Sun koya ne wajen tsararrakinsu, suna aiki ɗaya tare, ko sauke buhu, ko kai saƙo, ko wasan ƙwallo a bayan masallaci. A can magana tana da dalili, domin in ba ka faɗi ba, ba ka samu ba. Wanda ka ke magana da shi kuma sa'arka ne, in ka yi kuskure ya gyara maka ko ya yi dariya a wuce, ba bulala, ba jan alƙalami. Kuma yini a ke yi ana yi. Waɗannan abubuwa ne karatun gayya ke ƙoƙarin shigo da su aji. Abin da na ke nufi da karatun gayya shi ne a kasa yara ƙananan ƙungiyoyi, bibbiyu ko hurhuɗu, a ba su aikin da ba zai yiwu ba sai sun yi magana da juna, kamar yadda a kan taru a nome gonar mutum ɗaya a ƙauye.

Bari mu yi ɗan lissafi, don nan ne gizo ke saƙa. A ce aji yana da yara 40, darasin Turanci kuma minti 40 ne. Kiran suna da bayanin malam da kwafe daga allo sun ci minti 30. Saura minti 10, watau sakan 600. In aka raba daidai, ko wane yaro zai sami sakan 15. Kuma mun sani ba a rabawa daidai, yara biyar na bencin gaba su ke cinyewa. Amma in aka kasa ajin hurhuɗu cikin wannan minti 10, baki 10 ke magana a lokaci ɗaya maimakon ɗaya, ko wane yaro ya sami minti biyu da rabi. Ribi 10 ke nan, ba a ƙara ko sakan ɗaya a kan tsarin lokaci ba. Waɗansu masana biyu na Amurka, Michael Long da Patricia Porter, sun yi irin wannan lissafi a 1985, suka nuna cewa a aji mai yara 30 da darasin minti 50, rabon yaro bai wuce sakan 30 ba, wanda in an tara na shekara duka sa'a ɗaya ne tak. Wa ya taɓa iya tuƙin keke da hawan sa'a ɗaya a shekara?

Wani zai ce ai yaro yana sauraron malam, a hankali zai kama. Ji daban, faɗi daban. A ƙasar Kanada an yi makarantun da a ke koya wa 'ya'yan masu jin Turanci kome da kome cikin Faransanci tun daga ajin farko. Wata malama, Merrill Swain, ta duba su ta ga bayan shekaru masu yawa suna jin Faransanci sosai, amma in sun buɗe baki sai kurakurai. A 1985 ta bayyana dalili, cewa mai sauraro ya kan tsinci ma'ana ko da bai lura da ginin jimla ba, amma mai magana tilas ya gina jimlar da kansa, sa'an nan ne ya ke gane inda ya gaza, ya nemi gyara. Amsar taro da mu ke so ƙwarai, wadda malam zai faɗi aji duka ya maimaita har kwanon ɗaki ya ɗauka, ba ta maganin wannan. Yaro yana iya motsa leɓe shekara shida cikin amsar taro bai taɓa ƙulla jimla tasa ta kansa ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. A makarantar allo gardi ya kan biya wa kolo, mahaddata kuma su kan zauna musaffa, wannan ya karanta wancan ya saurara ya tsai da shi in ya tsallake. Wani masanin Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya ce abin da yaro ya iya yau da taimakon wanda ya ɗan fi shi, gobe zai iya shi kaɗai. Alarammominmu sun san haka tun da daɗewa. Turawa ma sun gwada sa yaro ya koya wa yaro, Andrew Bell a Madras ta Indiya da Joseph Lancaster a Landan, wajen ƙarshen ƙarni na 18, daga nan ne muka gaji kalmar monita. Abin dariya, monitan da aka ƙirƙiro don ya koyar da 'yan'uwansa, a wurinmu ya koma mai rubuta sunayen masu surutu.

Sai dai ko a gayyar noma akwai mai duƙawa, akwai wanda ya zo jiran fura. In malam ya ce kawai "ku haɗu ku tattauna," yaro ɗaya mai baki zai yi aikin duka, sauran su zuba masa ido, yaronmu na bencin baya ya samu sabon wurin ɓuya. Maganin da na fi gamsuwa da shi ya fito daga garin Austin a jihar Teksas ta Amurka. A 1971 aka haɗa 'ya'yan farar fata da na baƙar fata da na 'yan asalin Meziko a makarantu ɗaya bayan an daɗe da raba su, sai faɗa da raini suka tashi. Wani malamin jami'a, Elliot Aronson, shi da ɗalibansa, suka yayyanka darasi gunduwa-gunduwa, suka ba ko wane yaro a ƙungiya gunduwa ɗaya wadda ba wanda ke da ita sai shi, aka kuma shaida musu jarrabawa za ta fito daga darasin duka. Nan da nan lissafi ya sake. Yaron da a da a ke yi wa dariya saboda Turancinsa, yanzu in ka yi masa dariya kai ka faɗi jarrabawa. Sai abokansa suka koyi haƙuri da tambaya, shi kuma da ya ga ana sauraronsa bakinsa ya buɗe.

Ajin Inugu ko na Fatakwal ya yi kama da wancan, domin Ibo da Ikwere da Ijo da Bahaushe suna zaune a benci ɗaya. Ga misalin yadda za a yi. A ɗauki darasin ciniki tsakanin Arewa da Kudu. Yaro na farko ya riƙe labarin sayen sa a kasuwar Fataskum. Na biyu ya riƙe tafiyar mota ta Jos da Lafiya da Makurɗi har Inugu. Na uku ya riƙe yadda a ke sarrafa manja tun daga kan kwara. Na huɗu ya riƙe yadda manjan ke hawa motar da ta sauke shanu ta koma Arewa. Da farko masu gunduwa iri ɗaya daga ƙungiyoyi dabam-dabam su haɗu su shirya abin da za su faɗi, su gwada a tsakaninsu. Sa'an nan ko wa ya koma ƙungiyarsa ya koyar. Ku lura da abin da ya faru: yaron Bahaushe shi ne malamin shanu, ya san dillali da la'ada da yadda a ke duban sa, abin da ba ya cikin littafi, watakila malam ma bai sani ba. Wanda ya san abin da zai faɗi, rabin wahalar magana ta ƙare masa, saura neman kalmomi, su kuwa abokansa za su miƙa masa.

Akwai kuma zancen kunya, wanda malamin da bai san tarbiyyar Hausawa ba ya kan fassara shi baibai. A gida an hori yaro kada ya zuba wa babba ido, kada ya cika baki gaban manya. Ya zo aji ya yi abin da aka hore shi, sai a kira shi daƙiƙi. Ƙari a kan haka, Hausa ba ta raba p da f, in ya miƙe gaban mutum 40 ya musanya su, ɗaki ya fashe da dariya, ya rantse ba zai ƙara ba. Gaban mutum uku sa'o'insa kuwa abin da sauƙi, balle in ya lura waɗansu Ibo ma su kan musanya l da r, ko wa da inda harshensa ke tuntuɓe. Jimlar da ya faɗi sau biyu a ƙungiya, in ya zo faɗinta gaban aji ta riga ta zauna masa a baki. Don haka kada a tara 'ya'yan Hausawa a ƙungiya ɗaya, za su koma Hausa ne kawai. Kada kuma a jefa wanda bai fara jin Turanci ba shi kaɗai, a haɗa shi da ɗan'uwansa guda da ya ɗan fi shi. Inda iyaye ba su son cuɗanya, kamar a Islamiyya, 'yan mata su yi ƙungiyoyinsu, dabarar ba ta lalacewa.

Babban abin da hedimastoci ke tsoro shi ne buroka, kuma tsoron nan yana da tushe, musamman a Fatakwal inda ita ce harshen titi. Lalle za a ji ta a ƙungiyoyi. Ni a ganina cin tarar yaro don ya yi buroka ko harshen uwarsa bai taɓa koya wa ko wa Turanci ba, shiru kaɗai ya ke koyarwa. A bar su su warware ma'ana da abin da suka iya, amma a kafa sharaɗi cewa abin da za a kawo gaban aji da Turancin makaranta za a kawo shi, malam kuma ya rubuta jimlolin da za su bukata a allo tun kafin a fara. Game da tsoron cewa za su kwashi kuskuren juna, binciken da Long da Porter suka tattara ya nuna masu koyo ba su fi yin kuskure a ƙungiya ba bisa yadda su ke yi gaban malam, kuma da wuya su yi wa juna gyaran banza. Amma kada a ɗora wa gayya abin da ba ta iyawa. Tana ƙara yawan magana da saurin harshe da ƙarfin zuciya, gyaran nahawu da lafazi kuwa har yanzu aikin malam ne. Ya zaga da ɗan littafi yana rubuta kurakuran da ya ji, ba tare da ya katse ko wa ba, a ƙarshe ya ɗauki uku ko huɗu ya gyara a allo, bai ambaci sunan mai su ba.

Wanda zai fita koyarwar gwaji ya fara da bibbiyu kafin hurhuɗu: ya yi tambaya, ya ba da lokacin tunani, ko wa ya faɗa wa na kusa da shi, sa'an nan a kira wani. Lokacin tunanin nan ba wasa ba ne. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai ba su cika jiran fiye da sakan ɗaya ba bayan tambaya, kuma in suka jira sakan uku amsoshi su kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Yaron da ke juya tunani daga Hausa zuwa Turanci ya fi ko wa bukatar sakan ukun nan. A ba ko wane yaro a ƙungiya lamba daga 1 zuwa 4, kada a faɗi lambar da za ta ba da rahoto sai an gama, ta haka tilas su tabbata ko wa ya iya. A shaida wa hedimasta da malamin ajin maƙwabta tun da wuri cewa za a ji hayaniya na minti 10, a kuma shirya alamar tsayawa, ko tafi ko ɗaga hannu. Benci mai nauyi da ba ya motsi ba hujja ba ne, biyun gaba su juya su fuskanci biyun baya, ƙungiya ta haɗu.