Wasanni a Makarantar Barewa

Sau da yawa mukan ji iyaye suna cewa, "Mun aika yaro karatu, ga shi ya koma guje-guje da kwaikwayon mutane. Ina amfanin wannan?" Tambaya ce mai kyau. Bari mu duba wata babbar makarantar Gwamnati, mu ga abin da wasa ya yi wa 'ya'yanta.

Sunanta Makarantar Barewa. An kafa ta a Katsina a 1921. A 1938 aka mai da ita Kaduna. A 1949 kuma ta koma Zariya, inda take har yanzu. A 1971 aka sa mata suna Barewa. Kowa ya san barewa da gudu da tsalle.

An raba yaran makarantar gida-gida. Akwai gidan Ɗan Hausa, da na Nagwamatse, da na Bello Kagara, da waɗansu. Gida yakan kara da gida wajen wasa. Kowane yaro yana so gidansu ya ci. Ta haka Bakano da Basakkwace da Babarbare sukan zama kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Tun a Katsina akwai wani wasa na ƙwallon bango, wanda Turawa ke ce wa Fives. Mutum huɗu ke yinsa, biyu da biyu. Suna tsayawa a fili mai bango uku, suna dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu ta bugi bangon gaba. Wasan yana bukatar ido da sauri. Ahmadu Bello ya gwanance a kansa, har ya zama shugaban 'yan wasan. Ya gama makarantar a 1931. A 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa, bai kuwa bar son wasan nan ba.

Sai Yakubu Gowon, wanda ya yi karatu a can bayan an koma Zariya. Shi ne mai tsaron gida a wasan tamaula. Yana tsallen gora, watau mutum ya sheƙo da doguwar gora, ya dogara da ita ya ƙetare sanda. Ya shugabanci 'yan dambe. A tseren mil guda kuwa ya yi gudun da ba a taɓa yi ba a makarantar kafinsa. Mil guda yadi 1,760 ne. Mai gudunsa sai ya iya tattalin numfashi. In ya fara da gaggawa, zai gaji tun a tsakiya. Gowon ya shiga soja a 1954, ya yi Shugaban Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

To, wasan kwaikwayo fa? Wannan ba baƙo ba ne a gare mu. Mun san tashe da watan azumi, mun san wasan gauta. Bambancin shi ne, na makaranta rubuta shi ake yi. Kowane yaro ya karanta nasa rabon, ya hardace, sa'an nan ya fito gaban jama'a ya faɗa da ƙarfi.

Malam Aminu Kano ya shiga makarantar a 1937, ya fita a 1942. Tun yana ɗan makaranta a Kaduna ya riƙa rubuta wasanni da Hausa. Ɗaya daga cikinsu yana nuna yadda waɗansu 'yan kasuwar Kano ke cutar mutanen ƙauye. 'Yan kallo su yi dariya, amma su tashi da abin tunani. Daga baya ya zama malamin makaranta, kuma babban mai magana da yawun talakawa.

Kada mu ce wasa ne kaɗai ya kai mutanen nan inda suka kai. Karatu ne tushe. Amma wasa ya taimake su ta hanya uku. Na farko, ya ƙarfafa jikinsu, mai lafiya kuwa shi ke jure zaman aji. Na biyu, ya koya musu bin doka, da haƙuri in an kā da su. Na uku, ya fitar musu da tsoron taro. Yaron da ya saba tsayawa gaban mutane ba ya rawar murya gaban alƙali ko hakimi.

Saboda haka in ɗanka ya zo hutu yana ba da labarin tsere ko wasan kwaikwayo, kada ka kwaɓe shi. Ka saurare shi. Sa'an nan ka ce ya kawo takardar jarrabawarsa, ka karanta da kanka. In duka biyu sun yi kyau, ka sa masa albarka. In karatu ya yi baya, ka ja masa kunne. Kowane abu da lokacinsa.

Tambayoyi

1. A wane gari aka kafa Makarantar Barewa?
2. Mil guda yadi nawa ne?
3. Me wasan Malam Aminu Kano ya nuna?
4. Faɗi amfanin wasa guda uku.