Zafin Bazara Da Ruwan Farko

Da bazara ta kama, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, takan auna zafi da ruwan kowane wata, ta gwada su da abin da aka saba samu. Don a san abin da aka saba, akan tara awon shekara 30 ne a raba. Wanda ake aiki da shi yanzu na 1991 zuwa 2020 ne.

Bisa al'ada Afrilu ya fi kowane wata zafi. A Kano zafin rana yakan kai digiri 38 ko 39, a Sakkwato kuwa 40 ko fiye. Wata shekara yakan zarce haka nesa, kamar Afrilun 2024, lokacin da garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5.

Ruwa daga kudu yake haurowa, saboda haka Zariya takan riga Kano samu, Kano kuma ta riga Katsina. A Kano, Maris babu ruwan kirki. Afrilu kamar rabin inci ne, Mayu kuwa inci 2 zuwa 3.

To, a nan ne ya kamata manomi ya lura. Tun da na Afrilu kaɗan ne, ruwa guda na inci 1 ya isa a ce watan ya ninka na kullum. Mai gaggawa sai ya ji haka ya kwashi iri ya shuka. In aka yi sati biyu babu ƙari, ƙasa ga zafi, gero ya tsiro ya ƙone. Sai sayen wani irin, a lokacin da ya fi tsada a kasuwa.

Masu binciken ICRISAT a Nijar sun nuna damina ba ta zauna ba sai an sami milimita 20, kusan inci guda, cikin kwana 3, kuma wata guda ya biyo baya ba a yi fiye da kwana 7 a jere babu ruwa ba.

Saboda haka kafin shuka a tona ƙasa a ga zurfin laima, a tambayi malamin gona, a kuma rage iri a ajiye. Kafin damina ta zauna a kai taki gona, a gyara fartanya da garma, gama ba a fafe gora ranar tafiya.