Yadda Ake Gina Kalma

Takur unguwa ce a Dutse, garin da ya zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991. Yaran Takur sun saba ganin magini yana aza tubali bisa tubali har ɗaki ya tashi. To, haka ake gina kalma.

Tubalan kalma su ne baƙaƙe da wasula. Wasulan Hausa biyar ne: a, e, i, o, u. Malami yakan yayyanka kwali, ya rubuta harafi ɗaya a kan kowane yanki. Yaro ya ɗauki d, ya furta shi, ya jera a kusa da shi, su ba da gaɓar da. Ya gina bi, ya gina no, sai ga dabino a gabansa.

Sa'an nan malami ya jera kafa, ya zare k, ya sa ƙ mai ƙugiya. Nan take kalmar ta koma ƙafa. Haka kuma baki ke komawa baƙi. Yaron da ya raina ƙugiya, wata rana sai ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa cewa baki sun sauka a gida.

Tambayoyi
1. Wasulan Hausa nawa ne?
2. Gaɓa nawa ce cikin kalmar Takur?