Ran Lahadi A Potiskum: Littafi Ɗaya, Sujada Iri-Iri

In an ambaci Potiskum, abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne kasuwar shanu da manyan motocin da ke lodi zuwa Kudu. Amma wanda ya yi sammako ran Lahadi ya zaga unguwannin da Kirista ke zaune, zai ji abin da ba kowa ya kula da shi ba, wato majami'u ba su yin sujada iri guda, ko da yake Littafi Mai Tsarki ɗaya suke riƙe da shi.

A majami'ar Katolika, wadda ke ƙarƙashin Bishop na Maiduguri, kome a tsare yake. Fada ya tsaya gaban bagade, jama'a su tashi tare, su durƙusa tare, su amsa addu'ar da suka haddace tun suna yara. Dā da Latin ake yi, sai bayan babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 aka buɗe ƙofa ga harsunan gida. 'Yan Angilikan ma daga littafi suke karanta addu'o'insu.

To, amma in ka shiga ECWA, nan ne Bahaushe zai ji kamar yana gida. Asalinta Turawan mishan na SIM ne, waɗanda suka yi aiki a Kukar Gadu da Gadaka cikin Karekare da Ngamo, ita kuwa ikilisiyar ta tsaya da ƙafarta a 1954. Ba ado a bango, ba turare. Wa'azi shi ne kan gaba, kuma yawanci da Hausa, domin tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa cikin harshen. Dattijo ya miƙe ya yi addu'a daga zuciyarsa, ba takarda. Sa'an nan Zumuntar Mata su fito da zannuwa iri ɗaya, da tulu da caki, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa, kamar yadda ake yi a bakin turmi. Ni dai a ganina, ba abin da ya shigar da bishara cikin gidajen ƙasar nan kamar waƙoƙin matan nan. Haka abin yake a EYN, wadda tushenta ke Garkida tun 1923.

Su kuwa 'yan Fentikos, irin su Redeemed, kowa ya ɗaga murya ya yi tasa addu'ar lokaci guda, ga tafi ga kiɗa ga lasifika, har a kwana ana yi.

Abin takaici shi ne raini. Mai sujadar shiru ya ce wancan hayaniya yake yi, mai ɗaga murya ya ce wannan ba shi da Ruhu. Har akan sami iyayen da ke ja da baya in saurayin 'yarsu ɗan wata majami'a ne. Masu karatu Musulmi ba za su yi mamaki ba, don sun san gardamar ƙabalu da sadalu. Alhali kuwa yawancin bambancin nan gādo ne, ya danganta ga mishan ɗin da ya fara isa ƙauyen kakan mutum.

Shekarun tashin hankali sun nuna wa mutanen Potiskum wani abu. Daren jajiberin Kirsimeti na 2012, 'yan bindiga suka kashe mutum shida a wata majami'a a ƙauyen Peri, har da fastonsu. Ran 5 ga Yuli, 2015, aka kai harin ƙunar baƙin wake a majami'ar Redeemed ta Potiskum, mutum biyar suka rasu. Waɗancan masu waƙar Hausa ne na ƙauye, waɗannan kuwa 'yan Fentikos ne na birni, kuma ba wanda ya tsaya tambayarsu yadda suke addu'a kafin ya kashe su.