Lafiyar Akuya Daga Tumbi Take Farawa

A ƙasar Hausa an daɗe ana yi wa akuya kallon dabbar da ba ta buƙatar kulawa. Ana sakinta da safe ta nemi na kanta a bola da bakin kasuwa, da yamma ta dawo gida, in ta haihu a yi murna, in ta mutu a ce kwananta ne ya ƙare. Juriyarta gaskiya ce, domin jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda aka riƙa kai fatarta Turai ta hamada har aka laƙaba mata sunan fatar Moroko, tana rayuwa a inda saniya za ta rame. Sai dai wannan juriya ce ta sa muka daina lura da ita, alhali yawancin awakin da ke mutuwa a turakunmu abin da ake iya karewa ne ke kashe su, da mai su ya san yadda jikinsu ke aiki.

Cikin akuya kashi huɗu ne, mafi girma shi ne tumbi. A cikinsa akwai ƙananan halittu bila adadin waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa da harawa su mayar da su abin da jiki zai amfana da shi. Shi ya sa take kwanciya tana tuƙa: tana dawo da abin da ta haɗiye ta sake niƙa shi, yawun da ke bin sa kuma yana rage tsamin tumbin. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da akuyar da ta fasa buhun masara, ko aka juye mata ragowar tuwon biki, take kumbura ta kwanta. Hatsi mai yawa a lokaci guda yana tsamar da tumbi, ya kashe halittun nan, wani lokaci ya tafi da dabbar cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka duk sabon abinci, ko dusa ce ko ɗanyar ciyawar farkon damina, sannu a hankali ake shigar da shi. Leda kuwa ba ta narkewa sam. Taruwa take yi a tumbi ta dunƙule, akuya ta yi ta ramewa ga ciki ƙato, kuma mahauta a mayankar biranenmu sun saba ciro irin wannan dunƙule. Akuyar da ta daina tuƙa ta riga ta shaida wa mai ita cewa akwai matsala, tun kafin zawo ko tari ya bayyana.

Sai tsutsar ciki, wadda ta fi yin ɓarna da damina. Mafi muni a cikinsu tana manne wa bangon kashi na huɗu na ciki tana shan jini, macenta kuma tana zuba dubban ƙwai a rana, suna fita cikin kashi, su ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, su hau ciyawa. A ɗabi'arta akuya ganyen sama take so, ta ɗage ta ciro na gawo ko na magarya, inda tsutsa ba ta kaiwa. Mu ne muke ɗaure ta wuri ɗaya, muna zuba mata abinci a ƙasa kusa da kashinta. Rataye harawa, share turke da sauya wurin kiwo suna rage wannan cuta ba tare da an kashe ko sisi ba. Akwai kuma gwajin da masana a Afirka ta Kudu suka tsara: a ja fatar idon akuya ta ƙasa a duba launinta. Ja alamar isasshen jini ce, fari-fari kuwa, musamman in ƙasan haɓa ya kumbura, alamar tsutsa ta sha jinin. Da haka za a ba da magani ga wadda ke buƙata kawai, domin ɗura wa garke duka magani barkatai, ko ba da wanda bai kai ƙima ba, shi ke sa tsutsar ta daina jin sa.

Wani zai ce kakanninmu sun yi kiwo ba su san duk wannan ba. Sun san da yawa daga ciki, don su suka koya mana ba da kanwa, da barin jariri ya sha dakashi, wanda bincike ya tabbatar shi ne garkuwarsa ta farko, kuma amfaninsa ya fi ƙarfi a sa'o'in farko bayan haihuwa. Amma a zamaninsu babu leda, makiyaya na da faɗi, dabbobi ba sa tafiyar ɗaruruwan kilomita a mota daga kasuwa zuwa kasuwa suna ɗauke da cuta. Wani kuma zai ce kiran likitan dabbobi ya fi ƙarfin talaka, gara a sayi allura a kasuwa. Wannan ƙorafi yana da tushe, don malaman dabbobi sun yi ƙaranci a karkara, amma ba kowace cuta ce allurar kasuwa ke warkarwa ba. Annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, ba ta da magani, kuma tana iya share rabin garke ko fiye. An fara gano ta a Kwaddibuwa a 1942, kuma a taron Abijan na 2015 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da ita nan da 2030, kamar yadda aka kawar da bushiyar shanu a 2011. Rigakafin PPR yana nan, ana yin sa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, allura ɗaya kuma tana kare akuya aƙalla shekara 3. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin akuya guda ba.

Galibin awakin cikin gida na mata ne, da su ake biyan kuɗin makaranta, asibiti da kayan ɗakin 'ya'ya, saboda haka wannan ilimi ya kamata ya shiga gidaje ta rediyo da ƙungiyoyin mata, hukumomi kuma su kai rigakafi har ƙauye kafin cuta ta ɓarke. Kai kuma mai kiwo, in ka sayo sabuwar akuya daga kasuwa, ware ta mako 3 kafin ka haɗa ta da sauran, kuma ka tambayi ofishin dabbobi mafi kusa ranar da za a yi rigakafi.