BAYAN RUWA YA JANYE: KADA KI YI GAGGAWAR SHIGA GAREJI

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye birnin Maiduguri, shekara 30 cif bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Ruwan bai bar Gwange ba, bai bar Kasuwar Monday ba, har fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa sai da ya shiga. Kafin nan, a 2022, mutanen Ringim da Haɗeja a Jihar Jigawa sun ga nasu tashin hankalin. To amma akwai wani aiki da ba a cika maganarsa ba, wato gyaran gida bayan ruwa ya janye. Wa ake miƙa wa tsintsiya da bokiti? Ke ce, 'yar uwa.

A duk ɗakunan gida babu mai haɗari irin gareji, kuma babu inda arzikin gida ya taru kamarsa. Nan Baba yake ajiye janareta da jarkar fetur da batir da kayan aikinsa. Nan Umma take ajiye keken ɗinki ko injin markaɗe. Wasu gidajen ma har kayan ɗakin da ake tara wa budurwa a nan suke. Saboda haka aikin yana da tsari: a tsare rai tukuna, sannan a ceci dukiya.

WUTA TUKUNA

Kada ƙafarki ta taka cikin garejin sai an tabbatar an kashe wutar gidan daga babban makunni. Wanda zai kashe kuma kada ya kasance tsaye cikin ruwa ko hannunsa da danshi. Kada ki ce ai an ɗauke wuta, domin ba a yi miki alƙawarin lokacin da za a dawo da ita ba. Bayan nan a buɗe ƙofa da tagogi iska ta ratsa. In kin ji warin fetur, ba ashana, ba aci-balbal, ba kyandir, sai tocila. Fetur ba ya nutsewa, a saman ruwa yake yawo, ya bi ya shafe ko'ina.

Ki sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu. Silifas ba zai hana ƙusa mai tsatsa huda ki ba. Wadda ta ji rauni ta wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ta tafi asibiti a duba ko tana buƙatar allurar tetanus, cutar nan mai sa haƙora su sarƙe. Kuma kada ki zura hannu cikin tsohuwar taya ko ƙarƙashin katako sai kin zungura da sanda. A ambaliyar Maiduguri hukumar gidan zu da kanta ta yi gargaɗi cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Ko a garin da babu gidan zu, maciji da kunama tudu suke nema in ruwa ya kore su.

RUWAN NAN BA NA SAMA BA NE KAWAI

Ruwan ambaliya ya bi ta masai da kwata da juji kafin ya iso gidanku. Shi ya sa a watan Oktoba 2024 gwamnatin Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar kwalara. A gareji kuwa ruwan ya ƙara haɗuwa da baƙin mai, ruwan batir, fenti, takin zamani, maganin ɓera da fiya-fiya. Don haka buhun gero ko shinkafar da ruwan ya taɓa, haƙuri za a yi a zubar, shanya ba ta cire guba. Katifar soso da ta sha ruwan ita ma ta tafi. Amma kwalla da samira da tangaran na kayan aure, ki kwantar da hankalinki, wanki mai kyau zai dawo da su fes.

A kwashe taɓo da shebur tun yana ɗanye, in ya bushe sai ya koma kamar siminti. A wanke ƙasa da bango da omo, sannan a bi da ruwan Hypo ko Jik, kamar kofin shayi 1 a ruwa lita 20. Don Allah kada ki haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki wai don ya fi ƙarfi, hayaƙi mai shaƙe numfashi yake tayarwa. Ki sani fumfuna tana fara tsirowa cikin kwana 1 zuwa 2, saboda haka duk abin da zai fita rana a fitar da shi.

KEKEN UMMA DA INJIN BABA

Wuri yana zama lafiya, sai a juya kan ƙarafa, domin tsatsa ba ta jira. Sifana, filaya, guduma, zarto da almakashi: a ɗauraye, a goge tas, a shanya, a shafa kananzir sannan a bi da mai. Kada a jiƙa su a ruwan Hypo, cin ƙarfe yake yi.

Keken ɗinki, Butterfly ne ko Singer, ba ya mutuwa da sauƙi. A cire bel, a ɗaga kan, a fitar da ƙoshiya da kwarkwaro, a wanke taɓon, a bar shi ya bushe sarai. A ɗiga kananzir a duk inda yake motsi, a juya a hankali da hannu, sannan a sa man keke. A fara gwaji da tsumma kafin a ɗora atamfar mutane.

Janareta, babur ko injin markaɗe da ruwa ya shanye kuwa, kuskure mafi tsada shi ne a ce bari a ja a gani ko zai tashi. In ruwa yana cikin injin, ja ɗaya na iya lanƙwasa ƙarfen ciki. Sai bakanike ya juye baƙin mai da fetur, ya cire fulogi, ya wanke kafireto. In Yaya ya kama igiya zai ja, ki ce masa cikin ladabi, "Yaya, don Allah a bari mai gyara ya zo." In an gyara kuma, a waje za a kunna shi, nesa da taga, domin gubar hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Daga ƙarshe, ku ba Baba shawara a kafa kanta mai tsawo a bango, magunguna da batir su koma sama, takardun makaranta kuma a ƙulle su cikin leda kafin wata damina. Sannu ba ta hana zuwa, 'yar uwa. Waɗanda abin ya shafa muna yi musu jaje, Allah Ya mayar da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.